Garwar da Ba a Wanke Ba

An yi wani mutum a Tamaske, shekarun da motocin soja ke bi ta Keita. Ba ni faɗin sunanshi. Ƙannenshi suna zaune cikinku.

Sana'arshi sayen garewanin isansi, wato man fetur, da masu mota sunka ƙare da su, ya sayar ma mata. Kowa ya san wankin garwa: toka da rairayi, a cuɗa, a ɗauraye, a shanya ta baki buɗe har hanci ya daina jin komi. Shi ko sai ya goge bayanta ta yi walƙiya, cikin ko oho.

Ɗiyata Jaratu ta sayi guda don dafa ma ƙanwarta ruwan jego.

Ta shinshina ta, ta ce ma mai garwar, "Baba, ka wanke ta?"

"Wallahi ko jariri a ba shi ruwa ciki. Wanga hanci naki ya cika tsegumi!"

Ta yi dariya, ta ɗauka. A gida ta ɗauraye ta, ta kifa ta bakin murhu don ta bushe, ta duƙa tana gyara itace. Garwar ta tashi da wuta. Ni na kashe wutar zanen Jaratu da hannuwan ga. Ba ta kai la'asar ba.

Gaban hakimi mutumin ya rantse garwar ba tashi ba ce. Ƙannenshi sunka shaida. Anka ce in yi haƙuri.

Ya 'yan uwa, wa ke rantsuwar ƙarya ya kwana lafiya?

Tun ranar, komi ya kai baki isansi yake ji. Fura isansi, ruwan rijiya isansi. Ya hana a hura wuta gidanshi, iyali sunka watse. Kullum shina bakin randa, shina cuɗa ƙwarya da toka, ya shinshina, ya zubar, ya sake. Yatsunshi sunka tsattsage. In anka yi mishi sallama sai ya ce, "Jaratu, ja baya da murhu."

Ƙishirwa ta kashe shi, ga randa cike a gabanshi.

Wanda ya sayar da abu ya ɓoye aibinshi, abin na nan shina jiran shi. Mai shaidar zur ma haka.

Ku ƙannenshi, ba diyya nake nema ba. Ɗayanku ya miƙe gaban jama'ar ga ya ce garwar ta wanku ce. Ina jira.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya jiƙan Jaratu.