Kariyar Inna Shatu

Akwai wani mai sayar da furanni a Daura, sunansa Anwar. Mutum ne mai ji da kansa, ba a gaya masa magana kan shuka.

Wata rana ya je biki Baure, ya ga wata ƙatuwar kariya a ƙofar gidan wata tsohuwa, Inna Shatu. Kun dai san kariya: gindinta a kumbure kamar tulu, nan take ajiye ruwa. Wannan cikin tsakuwa take, ta cika da jan fure ana tsakiyar rani.

Ya ce, "Inna, ki sayar min."

Ta ce, "Ɗan nan, marigayi mijina ya dasa ta, ba ta sayarwa ba ce. Kuma ko ka kai ta birni, busasshen wuri take so, ba ta son ruwa."

Ya taɓe baki ya tafi.

Sai da ya bari aka kwantar da tsohuwar a asibiti, ya zo da diga ya tone kariyar, ya ce wa maƙwabta ai Inna ta sayar masa. Tir!

Ya cusa ta cikin tukunya da laka da ɗanyen kashin shanu, yana kwarara mata ruwa safe da yamma, wai ta ƙara ƙiba.

Bayan mako uku Inna ta dawo ta tarar da rami. Maƙwabcinta Harisu ya kawo ta har Daura, suka iske Anwar yana yi wa wani Alhaji tallar kariyar.

Alhajin ya danna gindin kariyar, sai yatsansa ya lume. Wani baƙin ruwa ya tsiyayo, tsutsotsi na motsi a ciki, ɗoyi ya gauraye wurin. Ya toshe hanci yana kelaya amai.

Harisu ya ce, "Ta sata ce, Alhaji. Ga mai ita nan."

Alhaji ya tofar da yawu ya shiga motarsa. Masu kallo suka yi ta Allah wadai.

Inna Shatu ba ta zagi Anwar ba. Ta karɓi wuƙa ta yanke reshe ɗaya da bai ruɓe ba, ta ƙulle a gefen mayafinta.

Ta ce, "Wannan na mijina ne. Sauran naka ne, kai ka yi shi."

Darasi: Wanda ya ci zalin mai rauni, ya kuma raina shawararsa, abin da ya ƙwata a hannunsa zai ruɓe. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.