Littafin da Ba a Taɓa Gyarawa Ba

An ce wani sarki, cikin sarakunan da suka shuɗe, ya gaji sarautar ubansa, ya kuma gaji wata babbar makaranta da kakansa ya gina a gabashin birni, irin wadda mu a yau za mu kira jami'a. Zaure saba'in ne a cikinta, kowane zaure da malaminsa: wannan yana ba da fiƙihu, wancan lissafi, wani ilmin taurari, wani ilmin magani. Tun da aka kafa ta, in shaihun makaranta ya rasu, malaman ne ke taruwa su fitar da wanda suka yarda ya shugabance su, su kai sunansa fada, sarki ya naɗa masa rawani. Haka aka saba, ba a kuwa taɓa jin kansu ba.

Sai shaihun wannan zamani ya cika. Ko sadakar bakwai ba a yi ba aka ji shela cewa sarki ya riga ya zaɓi magaji, wato Malam Nuraini, mai yi masa karatu a fada. Nuraini dogon mutum ne kyakkyawa, ga iya naɗin rawani, ga murya wadda in ya soma karatu ko kaji sai sun yi shiru. Amma bai taɓa zama a zaure ya karantar da kowa ba. Shelar ta ƙara da cewa duk malamin da ya ja da wannan hukunci, an ba shi kwana uku ya bar birnin da abin da kansa zai iya ɗauka.

Malamai suka taru a gindin wata tsamiya da ke tsakar makaranta. To, ka san halin malamai. Kowa ya zuba hujja, kowa ya kawo nassi, aka yi ta kaɗa kai ana cewa wannan abu bai halatta ba. Da aka zo kan wanda zai je fada ya faɗa, sai wannan ya tuna yana da suna a unguwarsu, wancan tari ya sarƙe shi, saura suka shiga kallon-kallo.

A cikinsu akwai wani gajeren tsoho, Malam Ukashatu, mai kula da ɗakin littattafai. Aikinsa shi ne muƙabala: in an kwafi littafi da hannu, ba ya shiga ɗakin sai an zauna, mutum ɗaya yana karanta sabon kwafin da ƙarfi, masanan fannin suna saurare, duk inda aka yi kuskure su tsai da shi a gyara a gefen shafi. Shekara arba'in yana wannan aiki. In ana maganar wanda kora za ta fi cutarwa, shi ne. A birnin aka haife shi, ba shi da dangi a wani gari, gwiwoyinsa sun daina yi masa biyayya, littattafansa kuwa ko jaki uku ba su ɗauke su ba, balle kansa. Tsoro ya ji, ba kaɗan ba. Sai dai ya san abin da sauran ba su sani ba, don ya taɓa karantar da Nuraini shekara guda. Duk ranar da ya gyara masa karatu, sai Nuraini ya yi mako bai dawo ba, har ya daina zuwa ɗungum. Ba mugu ba ne. Amma yaya wanda ba ya jure a ce masa ya yi kuskure zai shugabanci mutum saba'in waɗanda sana'arsu ke nan?

Da hantsi ya rataya gafaka biyu, ya ɗauki sandarsa, ya nufi fada yana ɗingishi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya zo ne kan maganar shaihun makaranta. Sarki ya tambaye shi ko ya ji shela, ya ce ya ji ta da kunnensa, har ya soma ɗaure tabarmarsa.

Sarki ya ce, "Wa ya gina makarantar nan?"

Ya ce, "Kakanka, ya sarki."

"Wa ke ciyar da malamanta?"

"Kai ne, Allah ya ba ka nasara. Geron da na sha yau ma naka ne."

"Ni nake zaɓen alƙali, ni nake zaɓen sarkin yaƙi. Me zai hana mai gida ya zaɓi wanda zai riƙe masa gidansa?"

Tsohon ya ce, "Babu, ya sarki, in dai mai gidan ya san abin da ake yi a cikin gidan. Yaƙi ka san shi, shari'a kana zamanta kullum. Ina roƙon ka zaɓa mini abu ɗaya ƙarami daga cikin kayan makaranta. In zaɓinka ya yi daidai, ba sai an jira kwana uku ba, yau zan fita."

Sarki mai son gwaji ne, sai abin ya ba shi sha'awa, ya ce ya yarda. Malam Ukashatu ya buɗe gafaka biyun nan ya fito da littafi biyu, ya ce duka kwafin littafi ɗaya ne na ilmin magani, kuma yana so sarki ya zaɓi wanda za a mayar uwa, wanda ɗalibai za su riƙa kwafa daga gare shi. Na farko, kai, sai wanda ya gani! Takarda fara sol, rubutu kamar an jera gero, kowane babi an zagaye shi da ruwan zinariya. Na biyu kuwa abin tausayi ne. Ya yi baƙi da dauɗar hannu, gefen kowane shafi ya cika da ƙananan rubuce-rubuce, ja da baƙi, wani a tsaye wani a karkace, kamar kaji sun yi tono a kai. Fadawa suka fashe da dariya. Sarki ya miƙa hannu ya dafa mai zinariya, ya ce ai wannan ko makaho ya shafa ya san amsa.

Tsohon ya roƙi a yi masa muƙabala kamar yadda ake yi wa kowane littafi, Malam Nuraini ya karanta, a kuma kira malamin magani ya saurara. Aka aika aka zo da Malam Barmo, wani baƙin mutum mai kaushin harshe, wanda bai iya gaisuwar fada ba, ya kuwa shigo yana ƙunƙuni an raba shi da ɗalibansa. Sarki ya ce a buɗe ko'ina. Malam Ukashatu ya ce, in sarki ya yarda, a buɗe babin ciwon ciki.

Nuraini ya gyara zama ya soma. Wallahi karatu ya yi daɗi. Ya karanta maganin zawon jariri a lokacin fitar haƙori, yadda za a samo saiwa a wanke a jiƙa, ya juya warƙa, ya ci gaba da cewa a daka ƙwayar cini-da-zugu bakwai a dama a ba shi ya shanye. Fadawa suna ta cewa madalla, sarki yana gyaɗa kai. Malam Ukashatu kuwa ya zuba wa Barmo ido, don bai gaya masa kome ba, kuma in Barmo ya ji tsoron fada ya yi shiru, tasa ta ƙare.

Ina! Barmo bai san tsoron fada ba. Ya buga ƙasa da tafin hannu ya ce, "Tsaya nan, Malam. Wannan ba magani ba ne, kisan kai ne. Jaririn da aka ba wannan da hantsi, kafin la'asar an binne shi."

Nuraini ya murtuke, ya ce shi abin da ke rubuce ya karanta. Barmo ya ce ai ya sani, kuma abin da ya sa abin ya fi muni ke nan. Sa'an nan ya yi wa sarki bayani, ba ladabi ba kwana-kwana. Littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka. A tsohon littafin da aka kwafo wannan, warƙa ɗaya ta faɗi ba a lura ba. Mai kwafi ya gama shafi ya ɗauki na gaba, sai ya haɗa farkon maganin jariri mai zawo da ƙarshen maganin ƙaton da cikinsa ya ɗaure. Magana ta tafi sumul, ba inda ta yi tuntuɓe, shi ya sa kunnen da bai san fannin ba ba zai ji kome ba.

Sarki ya tuna yana da jika mai wata bakwai a cikin gida. Ya ce a duba ɗaya littafin. Aka buɗe, sai ga kuskuren nan, shi ɗin dai, a wurin nan. Amma an ja masa jan layi, an rubuta a gefe da wani mummunan jan rubutu cewa a nan warƙa ta faɗi, ga kuma abin da ya faɗi ɗin an cike shi.

Sarki ya dubi tsohon ya ce, "Ashe duka biyun sun yi kuskure ɗaya. Me ya raba su?"

Malam Ukashatu ya ce, "Ya sarki, daga uwa ɗaya aka kwafe su, a shekara ɗaya. Mummunan littafin nan ni na rubuta shi ina saurayi. Aka zauna masa muƙabala, wannan Barmo ya tsai da ni a gaban ɗalibaina, ya kunyata ni, na yi shekara ba na amsa sallamarsa. Jan rubutun nan nasa ne. Sauran da ka gani a gefe, hannun malamai ne sama da talatin, kowa ya gyara inda ya sani. Dauɗar da fadawanka suka yi wa dariya ita ce lafiyarsa. Kyakkyawan kuwa mahaifinka aka rubuta wa. Da aka kawo shi makaranta aka ce na sarki ne, sai kowa ya janye alƙalaminsa. Shekara arba'in yana nan fes, da dafinsa a ciki."

Ya numfasa, ya ƙara da cewa, "Shugaban da ka ɗora mana haka zai zama. Za mu ce na sarki ne, ba mai ce masa tsaya, ɗalibai kuma daga gare shi za su kwafa. Ka zaɓa da ido, idonka kuwa lafiyarsa ƙalau. Mu da muka zauna da juna shekara da shekaru, mun san wanda ke karɓar gyara da wanda ke gudunsa."

Kunya ta kama sarki a gaban fadawansa, amma shi ba mai gardama da gaskiya ba ne in ta tsaya masa a gaba. Sai ya ce ya janye shelar, ba mai barin gari, kuma tun da abin haka ne, ga rawani, Malam Ukashatu ne shaihun makaranta.

Kada in yi maka ƙarya, zuciyar tsohon ta so. Shekara arba'in cikin ƙurar takardu, ba wanda ya taɓa miƙe masa! Har ya ji nauyin rawanin a kansa. Amma ya ce, "Ya sarki, yanzun nan ka zaɓi littafi kai kaɗai ka ga yadda ta kaya. Ni ma kai kaɗai ka zaɓe ni. Ka mai da mu gaban malamai, da ni da Malam Nuraini da duk wanda suka ga dama, su yi mana muƙabala."

Sarki ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce yau ya gamu da wanda ya fi shi taurin kai.

Washegari sarki da kansa ya zo makaranta, ya zauna a gefe, bai sa baki ba. Aka yi yadda aka saba tun zamanin kakansa. Waɗanda aka ambaci sunansu, har da Barmo, suka zauna a gindin tsamiya, kowane malami ya tashi ya faɗi abin da ya sani game da su a gaban idonsu, mai daɗi da marar daɗi, sa'an nan ya ɗauki buzunsa ya shimfiɗa a bayan wanda ya yarda ya bi. Aka wuni ana yi, ana musu, ana ɗaga murya. Nuraini ya sami buzu huɗu, ya kuwa zauna ya ji duk abin da aka faɗa a kansa bai tashi ba, abin da bai taɓa yi ba. Malam Ukashatu ya sami goma sha tara. Da ya ga an kusa gamawa, sai ya naɗe nasa buzun, ya ɗingisa ya shimfiɗa shi a bayan Barmo, yana cewa mutumin da ya iya ce wa fada tsaya, ba wanda zai ji tsoron ce masa haka shi ma, tun da shi ya koya musu. Makaranta ta kaure da kabbara. Barmo, da ya ga buzu arba'in da wani abu a bayansa, duk da kaushin harshensa, sai hawaye.

Sarki ya tashi ya naɗa masa rawani da hannunsa. Malam Ukashatu yana tsaye dafe da sanda, farin ciki ya cika shi har gwiwoyinsa suka manta da ciwo, don ya san zai kwana a garinsu, kuma makaranta ta koma hannun masu ita. Kafin sarki ya tafi ya sa aka rubuta hukunci, ya ce a karanta wa duk wanda zai gaje shi, cewa zaɓen shaihun makaranta na malamai ne, na sarki naɗi ne kawai. Sa'an nan ya juyo ya ce wa jama'a:

"Na zo wannan al'amari ina tsammanin adalci shi ne in zaɓa muku nagari. Yau na gane ba haka ba ne. Adalcin mai mulki shi ne ya san inda saninsa ya ƙare, ya bar waɗanda za su bi su faɗi wanda za su bi."