Kan Da Ya Ƙi Hular Kwano

Lise, Normand, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Tun safe kuke musu a kan gawar ubanku, ba wanda ya tambaye ni, ni uwarku, abin da na sani.

Akwai wani ɗan wasan hokin ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda a kan daskararren ruwa, Gaétan Thibault, tun kafin ya zama ubanku. Ba don iya wasa aka ɗauke shi ba, faɗa ne aikinsa. Duk wanda ya taɓa gwanin ƙungiyarsu, sai ya yar da sanda da safar hannu ya rufe shi da naushi. Hanci a karye, haƙoran gaba babu.

Wannan fuskar masu fim na birnin Montréal suka gani suka ce ta yi musu. Sau bakwai yana fitowa a ɗan daba, sau shida ana kashe shi.

Shekarar da aka wajabta wa sababbin 'yan wasa hular kwano, an bar tsofaffin 'yan wasa su zaɓa. Armand, mai kula da kayan ƙungiyar, ya kawo masa tasa har ɗakin canza kaya.

"Saka mana, jarumin fim. Kai ɗaya gare ka fa."

"In na rufe kaina wa zai gane ni a talabijin? Kai da ba a san da zamanka ba, saka guda biyu."

Aka fashe da dariya. Ubanku ya cika hular da ruwan sanyi ya kifa wa Armand a ka.

Ni ma na yi magana. Ya ce, "Ghislaine, ki tsaya a miyar wakenki." Na ja bakina, don ina son rigar sanyi mai gashi da kuɗin fim suka saya mini. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye muku ba.

Shekara shida ya ƙara yana shan bugu da kai a buɗe. Wata rana a wurin ɗaukar fim aka ba shi magana mai kalma huɗu. Sau ashirin ana maimaitawa, ta ƙi zama a kansa. Ya dawo ya yi awa biyu cikin mota a ƙofar gida, bai fito ba. Masu fim ba su sake kiransa ba.

Kun san fushin da ya biyo baya. Kun san ranar da ya kira Lise da sunan uwarsa. Abin da ba ku sani ba, don kuna birni, shi ne duk Lahadi bayan coci Armand na zuwa. In tafki ya daskare, sai ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya ɗaura masa takalmin sulu a kan ƙanƙara, ya riƙe hannunsa su zagaya.

Ubanku kan tambaye shi, "Kai wane ne?"

"Mai kawo kaya ne, jarumi. Taka a hankali, ba alƙalin wasa yau."

Shekara goma sha ɗaya haka. Cikin dubban da suka tafa masa, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Yanzu likitocin jami'a na roƙon ƙwaƙwalwarsa, su ga abin da bugun ya yi mata, ko wasu su tsira. Normand, ka ce a binne shi yadda Allah ya yi shi. Lise, kin ce a ba su. Na tambayi Armand, ya ce, "Ba jinina ba ne, Ghislaine, ba ni da ta cewa. Ni dai na so in kare masa kan nan, ban iya ba."

Ƙarfe huɗu za su kira. Hannuna ba zai iya sa hannu a buɗe kan da na shekara arba'in ina shafawa ba, bakina kuma ba zai iya cewa a'a ba. Ba mai tashi daga teburin nan sai kun ba ni amsa ɗaya. Ku yanke.

Darasi: Mai gaya maka gaskiya ana yi masa dariya, shi ne zai riƙe hannunka ranar da masu tafi suka watse. Kada ka wulaƙanta shi, kada kuma jin daɗi ya rufe maka baki in ka ga naka zai cutu. Ku kai wannan ga duk wanda tafi ya toshe wa kunne.