Mai Gadin da Bai Taɓa Kira Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A can da, ba mai jin wari, ba mai jin ɗanɗano. Zuma da maɗaci duk ɗaya. Sai wata tsohuwar aljana, Iya Marka, ta zo bakin rafi da ƙwarya cike da 'yan masu gadi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu.

Ta ce, "Ku ji, jikokina. Kowane mai gadi baƙo ɗaya ya sani. Na gishiri, gishiri kaɗai. Na hayaƙi, hayaƙi kaɗai. In ɗan ɓurɓushin baƙonsa ya biyo iska ko ruwa ya taɓa shi, sai ya yi kira, mai jikin ya ji."

Mutum ya ɗiba, ya zuba a harshe da hanci. Tururuwa ta ɗiba, ta shafa a ƙahonninta. Ƙuda, uban kwaɗayi, ya tsoma ƙafafunsa, don ya riƙa ɗanɗana tuwon mutane tun ba a ce masa bismilla ba.

Tarwaɗa ta zo a makare, ta tsaya rarrashin ɗanta Nomau, shi ke nan gare ta. Iya Marka ta juye mata ragowar a jiki, tun daga gashin baki har wutsiya. Saura ɗaya maƙale a gindin ƙwarya.

Iya ta ce, "Wannan ni ma ban san baƙonsa ba. In yar?"

Tarwaɗa ta ce, "A'a, Iya, ba ni shi. Ai ba ya cin wuri."

Ta ɗora shi a kan tsinin gashin bakinta. Gishiri ya wuce, shiru. Tsami ya wuce, shiru. Ɗaci ya wuce, shiru. Kifaye suna dariya, wai ta ɗauko bebe.

Ana nan, ana nan, damina ta kankama. Rafi ya kawo, ruwa ya koma kamar kunu. Nomau ya ɓace.

Tarwaɗa ta tarar da Kada, ta ce, "Kada, ka ga ɗana?"

Ya ce, "Ko hancina ba na gani."

"Kwaɗo, ka ga ɗana?"

"Ni ma da ƙyar na sha."

"Balbela, ke da ke sama, kin ga ɗana?"

"Laka kawai nake gani, 'yar'uwa. Kuma ruwa ya fara janyewa, wanda ya maƙale a tudu sai dai haƙuri."

Tsoro ya kama Tarwaɗa. Amma ta kwanta lamo, ta bar ruwa yana shafar ta. Masu gadi suna ta kira. "Laka!" "Ruɓaɓɓen ganye!" "Kashin shanu!" Can sai wata 'yar siririyar murya da ba ta taɓa ji ba ta ce, "Nomau."

Ta juya hagu, muryar ta ɗauke. Ta juya dama, "Nomau." Ta matsa, "Nomau! Nomau!" Ta bi, ta bi, har cikin saiwoyin wani baure. Ga shi nan maƙale, ruwa ya kusa barinsa. Ta janyo shi, ta rungume.

Ya ce, "Inna, yaya kika gan ni?"

Ta ce, "Ban gan ka ba, ɗana. An kira min sunanka ne."

Don haka, yara, kada ku raina mai shiru. Wataƙila baƙonsa ne bai iso ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa! Ba don Gizo ya leƙo ba, da na ƙara muku gishiri.