Dila da Kwaɗon Saman Shafi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, in ji ku.

Dila ne ya wayi gari yana kururuwa a ƙofar gidansa. Wai tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa zaluntar wani mahaluki kamar yadda aka zalunce shi ba. Wai gara gobara, gara ambaliya. Maƙwabta suka fito a guje, wani da guga, wani da sanda. Ashe jiya a wajen suna an yi ta yaba hular Zakara, tasa kuwa ko kallo ba ta samu ba.

"Ni Dila! Ni da nake karya hula tun Zakara yana cikin ƙwai!"

Sai aka ce masa ai Zakara a waya ya sayo tasa. Kasuwa ce babu rumfa babu dillali, ka sa lambar katin banki, a kawo maka kaya har gida.

To, akwai kati a gidan Dila. Kuɗin gyaɗar da suka noma shi da matarsa Tabawa duk suna ciki, da su za a sayi hatsin da zai riƙe gidan har kaka. Tabawa ta tafi ganin gida, ta bar katin cikin kwalla. Sai Dila ya ɗauke shi, ya nufi wajen Bushiya, taubashiyarsa, wadda ta saba sayayya a waya.

"Ƙaya-ƙaya, kina ciki?"

"Wa nake ji kamar bawana? Shigo, ka zo da kuɗin shara?"

"Hula zan saya a waya. Ba koyo na zo yi ba, so nake in ji ko kin iya."

Bushiya ta ce, "Abu uku ake dubawa kafin a sa kati. Na farko, ka ga kwaɗo a saman shafi. Na biyu..."

"Ya isa! Ni za a karanta wa ciniki? Ni da na sayar wa Biri da tsani?"

Ya kaɗa wutsiya ya fita.

Ku dai kun san kwaɗon da take nufi, ɗan zanen nan na kwaɗon kulle ƙofa da ke fitowa a gefen adireshin shafi. Dila kuwa na bakin tafki ya ɗauka.

Sai ya zauna a tsakiyar kasuwa don kowa ya gan shi. Ya buɗe shago na farko. Ga suna, ga adireshi, ga ɗan kwaɗon ƙofa a sama. Ya duba, ya duba, ya ce, "Ba kwaɗo. Ɓarayi ne!" Ya buɗe na biyu, wanda Zakara ya yi sayayya a cikinsa, ga bayanan waɗanda suka saya, har da masu ƙorafin an yi musu jinkiri. Ya ce, "Ba kwaɗo. Ɓarayi ne!" Sai ya miƙe ya ɗaga murya.

"Jama'a ku shaida! Ni Dila ba na sa katina sai inda na ga kwaɗo zaune, da idanunsa da kumatunsa!"

Kura tana bayan rumfar mahauta, ta ji. Sai ta sulale bakin tafki, ta cafko Kwaɗo, ta ce ya yi murmushi, ta ɗauke shi hoto, ta jefa shi cikin tulu. Kafin la'asar ta buɗe shago a waya, ta turo wa Dila.

Dila ya buɗe na uku. Sai ga Kwaɗo ya cika rabin shafi. A ƙasa ga huluna, zanna da dara da ƙube, wai duk a kuɗin ƙosai, wai kuma yau kaɗai.

"Yauwa! Ga mutanen kirki."

Ya sa lambar gaban kati. Aka ce ta baya, ya sa. Sai saƙo ya shigo daga banki da wata lamba. Sai waya ta yi ƙara.

Kura ta maƙe murya ta ce, "Ranka ya daɗe, sarkin 'yan kwalisa, hularka tana kan hanya. Karanto mana lambar nan da aka turo maka."

Dila ya ji daɗi har kunnuwansa suka miƙe. Ya buɗe baki zai karanta, sai ya ga ai asara ce a kira shi sarkin 'yan kwalisa babu wanda ya ji. Ya ce, "Dakata, kada ki kashe." Ya ruga gidan Bushiya.

"Ƙaya-ƙaya, zo ki ga kwaɗo! Naki ɗan mitsitsi ne, nawa har da kumatu. Saurara ki ji yadda ake kirana."

Bushiya ta leƙa, ta ga Kwaɗo, ta ga saƙon banki. Sai ta faɗa kan wayar ta dunƙule. Dila ya kai hanci zai ƙwata, ya sha ƙaya. Ya kai hannu, ya sha ƙaya. Ya kai ƙafa, ya sha ƙaya. Ya koma gefe yana cewa an kashe shi.

Daga cikin ƙaya Bushiya ta ce, "Baiwar Allah mai huluna, ina shagonku yake?"

"Ko'ina muke, Hajiya."

"Wa ya taɓa saye a wajenku, mu tambaye shi?"

"Akuya ta saya, Tunkiya ta saya. Ko ɗaya ba ta dawo da ƙorafi ba."

"Su ɗin sun dawo?"

Sai Bushiya ta ƙara jefo wata.

"To in hula ta yi masa kaɗan, ina zai mayar?"

Nan Kura ta kasa daurewa, dariyar gado ta ƙwace mata. Duk dajin babu wanda bai san dariyar nan ba. Wutsiyar Dila ta shige tsakanin ƙafafunsa. Ya tuna Tabawa, ya tuna rumbu babu ko zangarniya, ga damina a gaba.

Bushiya ta kashe wayar, ta sa shi ya kira banki ta lambar da ke jikin katin, aka rufe shi nan take. Aka duba, ko ƙwandala ba ta fita ba.

Ta ce, "Bawana, kwaɗon ƙofa na ce maka. Shi ɗin ma bai isa shaida ba, ɓarawo ma yana kulle ɗakinsa. Na biyun da ka ƙi ji, ka san inda shago yake da wanda ya taɓa saye ya ga kayansa. Na uku, lambar da banki ya turo maka taka ce kai kaɗai. Duk wanda ya roƙe ta, ko da muryar uwarka ya zo, kashe wayar."

Dila ya share hawaye, ya durƙusa har ƙasa.

"Uwar ɗakina, Allah ya ƙara wa ƙayarki tsini. Kin rufa mini asiri, kin rufa wa Tabawa tukunya. Kuɗin sharar bana ninki biyu ne, har da gyaɗa. Wannan hancin da ya kumbura, na yafe."

"Ka yafe?"

"Na gode, nake nufi."

Suna haka sai ga Kwaɗo ya shigo yana ɗingishi, ya samu ya tsero daga tulu. Dila ya zabura.

"Ga mai laifin! Kai da wanda ya raɗa wa abu biyu suna ɗaya, sai mun je gaban alƙali!"

Kwaɗo ya ce, "Malam Dila, ina cikin ruwana aka cafko ni. Wa ya gaya wa Kura kwaɗo kake nema?"

Shi ya sa, jama'a, in za ku sa kati a shagon waya, kada ado da araha su ruɗe ku. Ku tambayi wanda ya sani, ku kuma bari ya kai ƙarshen maganarsa.

Dila dai ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya shafa hanci.

"To, ni ne. Amma ku faɗi gaskiya, duk kasuwar nan akwai wanda ya iya shela kamar ni?"

Ƙurunƙus kan bushiya, mai shafawa ya yi a hankali.