Gwanin Nutso da Tukunyar Iska

An yi wani masunci a wani ƙauye da ke bakin tafkin madatsar ruwa, sunansa Filimon. A duk ƙauyukan da ke kewaye da ruwan nan babu wanda ya kai shi nutso. In taru ya sarƙe a kututture, shi ake kira. In guga ta faɗa rijiya, shi ake kira. Yakan ja numfashi ɗaya, ya toshe shi a ƙirji, ya nutse, sai matan da ke wanki a bakin ruwa sun fara kiran sunan Allah kafin kansa ya ɓullo. Gaskiya ya iya. Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Ana nan kifi ya yi ƙaranci a tafkin. Filimon yakan yini cikin kwalekwale ya dawo da abin da bai isa miya ba. 'Ya'ya biyar ne a gidan, rumbu kuwa ya kusa ƙasa tun damina ba ta faɗi ba. Matarsa Dokas ba ta yi masa ƙorafi, shi ma bai taɓa buɗe baki ya ce abin ya dame shi ba. Kowa ya tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau."

Sai masu kula da madatsar suka ba da sanarwa suna neman mutum ɗaya da zai riƙa shiga ƙarƙashin ruwa yana share ragar ƙarfen da ke bakin bututu, inda ciyayi da itatuwa ke taruwa su toshe hanya. Aikin na dindindin ne. Amma wurin da zurfi, kuma ba aikin numfashi ɗaya ba ne, sai mutum ya goya tukunyar iska a baya. Suka ɗauko wani malamin nutso daga birni mai suna Irimiya, suka ce duk wanda ya gwada ya sa masa hannu, shi za a ɗauka. Saboda sunan da Filimon ya yi, aka ba shi yini guda cur, daga shi sai malamin.

Da safe Filimon ya iso bakin ruwa yana tafiyar wanda aka riga aka ɗauka. Da ya ga malamin sai ransa ya soma ɓaci, gama mutumin sa'an ƙanensa ne. Ga kaya kuma an baje a kan tabarma: tukunyar ƙarfe mai tiyo, gilashin rufe ido da hanci, ɗamarar dalma mai sa mutum ya nutse, da wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa.

"Duk wannan tarkacen don shiga ruwa?" in ji Filimon. "Ni da gajeren wando nake shiga."

Malam Irimiya ya gaishe shi da ladabi, ya nuna masa robar da ke bakin tiyon, wadda ake cizawa a shaƙi iska ta ciki. Sa'an nan ya ce, "Yaya Filimon, dokoki suna da yawa, amma ɗaya ta fi duka. Kada ka riƙe numfashi. Ko sau ɗaya. Ka shaƙa, ka fitar, ka shaƙa, ka fitar, har mu fito."

Filimon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, riƙe numfashi ne ya ciyar da gidana shekara talatin."

"Na sani. Shi ya sa na fi jin tsoronka a kan wanda bai taɓa shiga ruwa ba."

Malamin ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce iskar da mutum ya shaƙa daga tukunya a can ƙasa a matse take saboda nauyin ruwa. In ya toshe ta a ƙirji ya taso sama, sai ta yi ta kumbura kamar balan-balan, huhu kuwa ba ya jure wannan, yagewa yake yi. Filimon ya yi ta gyaɗa kai. Amma kun san irin gyaɗa kan nan na wanda yake jira kawai a gama magana.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne inda aka fara. Ba tsakiyar tafki aka kai shi ba. A nan gefen da mata ke wanki aka sa shi ya durƙusa, inda ruwan bai wuce ƙirji ba in mutum ya miƙe. Gwanin nutson ƙauye bakwai, a durƙushe da takalman agwagwa, mata suna leƙe suna rufe baki da gefen zane! Ya sa kai cikin ruwa, kafin ya yi wani abu an taɓa kafaɗarsa.

"Ban ga kumfa ba," in ji malamin. "In kana fitar da numfashi, kumfa za ta taso. Sake."

Ya sake. Aka kuma taɓa shi.

"Yaya Filimon, don Allah, iskar nan ba aro aka ba ka ba. Shaƙa."

Haka suka yi ta yi har rana ta take. Sake, sake, sake. Filimon ya cika ya yi fam, ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Malamin ma haƙurinsa ya fara ƙarewa, har ya ɗaga hannu sama ya ce bai taɓa ganin mutum mai taurin kai a kan numfashinsa ba. A ƙarshe Filimon ya gano dabara. In idon malam yana kansa, sai ya yi ta busa kumfa ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunya a kan wuta. Da zarar malam ya juya, sai ya koma halinsa. Da wannan wayon ya ci gwajin gefe, har yana jin daɗin kansa.

Bayan sun huta suka shiga kwalekwale zuwa inda aka ɗaure wata igiya mai sauka har ƙasa. Suka bi ta a hankali, malamin yana gabansa, fuska da fuska. Filimon ya ga kifaye suna wucewa dab da hancinsa ba su ko gudu, abin da bai taɓa samun sukunin tsayawa ya kalla ba. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce a ransa, "Wa ya san lokacin da abin nan zai ƙare? Ni ban ga cikinta ba." Mutum ne da ya san rashi, sai ya shiga tsimin iska yadda ake tsimin gishiri a gidansa. Ya ɗan kurɓa, ya riƙe, ya riƙe, sa'an nan ya saki kaɗan. Malamin ya yi masa alama da hannu ya shaƙa, sai Filimon ya busa masa kumfar ganin ido, ya ci gaba da abinsa. Ba a jima ba kansa ya fara sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi.

Da suka kai ƙasa, takalminsa ya tayar da laka, ruwan ya yi duhu. Wani tsohon guntun taru ya shafi fuskarsa ya goce masa gilashi, ruwa ya shiga hancinsa. Tun da safe an koya masa yadda ake fitar da ruwan nan, abu ne mai sauƙi in mutum yana numfashi. Amma tsoro ba ya tuna karatun safe. Jikinsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin: ya ja iska ya cika ƙirji tam, ya toshe, ya saki igiya, ya doki ruwa da ƙafa zai yi sama.

Sai ya ji an damƙe maɗaurin tukunyar da ke ƙirjinsa.

Malam Irimiya ya riƙe igiya da hannu ɗaya, ya riƙe shi da ɗayan, ya ƙi saki. Filimon ya ga haske can sama, ga shi an hana shi zuwa. Ya yi ta fizga, ya kai naushi, ya yakushi hannun da ke riƙe da shi. A ransa ya gama yanke hukunci cewa mutumin nan kashe shi zai yi. Malamin ya maƙale igiyar da ƙafa, ya dunƙule hannu ya danna masa ciki da ƙarfi. Iskar da ya toshe ta fito gaba ɗaya. Ƙirji ya zama wayam, babu sauran abin riƙewa, babu sauran gwaninta. Dole ta sa ya shaƙa.

Iska kuwa ta zo, mai sanyi, a wadace. Ya sake shaƙa, ta sake zuwa. Da haka malamin ya taso da shi kaɗan-kaɗan, har suka kai sama.

Kuna tsammanin godiya ya yi? Ina! Yana hawa kwalekwale ya tofar da robar ya ce, "Kai wane irin mugu ne? Ina neman sama kana danne ni! Kashe ni ka so yi?"

Malamin ya dube shi, hannunsa yana jini inda aka yakushe shi, ya ce, "Da na sake ka, da yanzu ana neman wanda zai je ya gaya wa matarka." Ya jawo agogon da ke nuna yawan iskar tukunya ya kai masa har gaban ido. "Duba nan. Kusan cike take. Kana ta shaƙewa, alhali abin da zai ishe ka har ya yi saura yana goye a bayanka. Me kake ajiye ta ka yi da ita? Gida za ka kai?"

Filimon ya dubi agogon, ya sake dubawa.

"Ba zan sa maka hannu ba," in ji malamin.

Nan fa girman kai ya zube. Filimon ya kama gefen rigarsa ya ce, "Malam, ka rufa mini asiri. 'Ya'ya biyar gare ni."

"Saboda su biyar ɗin ne ba zan sa ba, Yaya."

Filimon ya koma gida hannu wofi. Aikin kuwa aka ba wani birkila daga ƙauyen gaba, wanda sai bara ya koyi iyo, amma da aka ce masa ya shaƙa, ya shaƙa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ruwan mai zurfi shi ne wahalar da ta fi ƙarfin mutum, irin wadda ba a ƙetare ta da numfashi ɗaya. Tukunyar iska ita ce alherin Allah da aka ba mu cikin Yesu Almasihu. Ba mu muka cika ta ba, ba ma ganin cikinta, sai dai mu gaskata wanda ya goya mana ita. Numfashin kuwa addu'a ce.

Filimon ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, kada ku neme shi a waje. Yana nan cikinmu, sau da yawa ma a kujerar gaba yake zama. Shi ne dattijon da ya shekara arba'in a ikkilisiya, ya binne iyaye, ya sha fari da yunwa, bai taɓa zubar da hawaye a gaban kowa ba, har ya ɗauka jurewarsa ita ce bangaskiya. Ita ce uwar zumuntar mata da ke yi wa kowa addu'a, tata damuwar kuwa ta kulle ta a ƙirji. Mun iya busa kumfa in ana kallonmu. A taro muryarmu ta fi ta kowa, amma rabon da mu durƙusa mu kaɗai mu ce, "Ya Ubangiji, na kasa," mu ma mun manta. Ni kam na gaji da jin "lafiya lau" daga bakin mutanen da idonsu ya nuna suna nutsewa.

Waɗansunmu kuma tsimi suke yi. Suna cewa kada su dami Allah da ƙananan abubuwa, bari su ajiye roƙo sai babbar rana. Wa ya gaya muku alherinsa yana ƙarewa? Wanda bai saba shaƙa a ruwa mai sanyi ba, ranar da laka ta tashi ba zai tuna ba, tsohon halinsa zai koma.

Akwai kuma hannun nan da ya riƙe shi a ƙasa. Wani lokaci kana ganin mafita ƙiri-ƙiri, kana fizga, Ubangiji kuwa ya ƙi sakinka, har ka ce ya juya maka baya. Bai juya ba. Ya san abin da gaggawarka za ta yaga a cikinka, ya gwammace ka yakushe shi da ya bar ka ka hallaka.

Kada kuma ku manta, ba Filimon kaɗai ya yi hasara a ranar nan ba. Yara biyar suna gida suna jira, su da ba su shiga ruwa ba. Taurin kanmu a gaban Allah ba mu kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda suke ci daga hannunmu.

Saboda haka, abin nan da ka toshe a ƙirji shekara da shekaru, wanda ko matarka ba ta sani ba, kada ka sake fita da shi ta ƙofar nan. Ba wanda zai ba ka lada don ka daɗe ba ka nemi taimako ba. Buɗe bakinka yau ka faɗa wa Ubangiji, tun ba a kai ga sai an danna maka ciki ba.