Albasar Kwaɗi a Gindin Randa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Amma wannan ba ta dariya ba ce.

A shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta cinye gonaki, akwai wani gari a kan jigawa da ba abin da ya rage masa sai iri. Rumbuna sun zama wayam, ɓeraye ma sun yi ƙaura. Kowane gida yana da gora uku a rataye a rufin ɗaki: ta gero, ta dawa, ta wake. Ana cin tafasa da dusa, ana kallon gorunan, ba mai taɓawa.

Ruwan garin nan maƙaryaci ne. Yakan zubo sau ɗaya, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan ya ɗauke kwana talatin. Wanda ya yi shuka da wannan ruwa ya yi wa irinsa kabari. Saboda haka mutanen garin ba sa yarda da sama. Can a fadama, tafiyar rabin yini, akwai wata albasar daji da ake kira albasar kwaɗi. Duk rani tana kwance a ƙasa, ba ganye, ba alama. Sai ranar da damina ta zauna da gaske take fito da farin fure mai ratsin ja. Yayyafi ba ya tashe ta, hadari ba ya ruɗin ta.

Mai zuwa duba ta wani dattijo ne, sunansa Tunau. Aikin gidansu ne tun kakanni. Da bazara ta yi nisa, kullum sai ya sauka fadama ya dawo. Ranar da ya ga fure sai ya tsinko ɗaya, ya soka a hula, ya shigo gari yana cewa:

Farar fadama ta buɗe,
a sauke gora, a ɗau sungumi.

Sai gari duka ya fita shuka. Shekara talatin Tunau yana wannan, bai taɓa kuskure ba. Amma bana ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ga yunwa, kuma ba shi da ɗa. Daga shi sai matarsa Kyauta.

To, a bakin hanyar fadama akwai ramin Kurege. Shi ma yunwar ta taɓa shi. Kurege kuwa ya san abu ɗaya: irin da ya tsiro na manomi ne, irin da ya kwanta a busasshiyar ƙasa nasa ne.

Ran farko ya tare Tunau ya ce, "Sannu Baba. Wannan gwiwa taka tana kuka tun daga gari nake jin ta. Me zai hana ka kai albasar nan gida, ka riƙa dubawa daga bakin ƙofa?"

Tunau ya ce gwiwarsa ce, ba ta Kurege ba. Ya wuce.

Kashegari Kurege ya ce masa kafin ya ga fure ya hau tudu da wannan tafiya tasa ta hawainiya, laimar rabin yini ta tafi a banza. Tunau ya ce ubansa ma a hankali yake tafiya, gari bai kwana da yunwa ba. Ya wuce.

Rana ta uku Kurege bai yi dariya ba. Ya zauna a tsakiyar hanya ya ce, "Baba, in ka faɗi a nan wata rana, fure a hularka, wa zai gaya wa gari?"

Tunau ya tsaya. Da maganar hutu ce, da ya wuce. Da maganar sauri ce, da ya wuce. Amma wannan ita ce maganar da shi kansa yake yi wa kansa kullum a kan hanya. Kurege ya shiga rami ya fito da ɗan gatarinsa mai lanƙwasa, ya ce aro ne, ba ya son ko godiya.

Tunau ya isa fadama. Laka ta bushe ta tsattsage. Ya san wurin, ya durƙusa, ya fara haƙa. Sai ya ji murya daga cikin tsagar laka. Kwaɗo ne, mai albasar, yana kwance yana jiran damina.

"Tunau, me kake yi wa tawa?"

Tunau ya ce gida zai kai ta, ta zauna kusa da mutanen da take yi wa aiki.

Kwaɗo ya ce, "Ba aiki take yi muku ba. Zamanta take yi, ku kuke leƙe. Bado yana cikin tafki, ka taɓa ganin sa a tudu? Tawa tana fadama. Kowa da inda aka ajiye shi. Kuma ka ji wannan da kyau: ba ta san sama ba. Abin da ya taɓa ƙafarta kaɗai ta sani."

Tunau ya ce ai ƙasa ɗaya ce, ruwan da ya taɓa fadama shi ne ya taɓa gari.

Kwaɗo ya ce, "Gatarin wa ke hannunka?"

Tunau ya ci gaba da haƙa. Ya haƙo kai uku, ya ƙulle a bakin riga, ya hau tudu.

Da ya iso gida ya duba inda rana ba za ta kashe su ba. Bai ga inuwa ba sai gindin randa. Nan ya binne su a jere. Ya ce wa Kyauta kada kaji su tona. Bai ce mata komai ba bayan wannan, don maganar Kwaɗo ba ta zauna masa a rai ba.

Ita kuwa Kyauta mace ce da baƙo bai taɓa shiga gidanta ya zauna ba ruwa ba. Ko mai tallan gishiri, ko wanda ya ɓata hanya. Ta dubi wurin ta ce a ranta, waɗannan daga fadama aka ɗauko su, an kawo su cikin rairayi, baƙi ne. Kullum da safe, in Tunau ya fita gaishe-gaishe, sai ta ɗebi moɗa guda ta zuba musu. A shekarar da ake auna ruwa kamar mai, nata rabon take ragewa.

Yara, kun ga laifinta?

A'a.

Ni ma ban gani ba.

Bayan kwana tara aka yi yayyafi, wanda bai ko kwantar da ƙura sosai ba. Da gari ya waye Tunau ya ga ta farko ta buɗe, fara tas, da ratsin ja. Ya yi mamaki kaɗan. Amma shekara talatin ba ta yi masa ƙarya ba. Ya tsinke, ya soka a hula, ya fita:

Farar fadama ta buɗe,
a sauke gora, a ɗau sungumi.

Aka sauke gorar gero. Maza suna sara, mata suna zubawa suna rufewa da diddige. Wata tsohuwa ta ce ƙasar tana ƙona mata ƙafa, aka ce mata tsufa ne. Kafin la'asar an gama.

Rana ta fito, ta sake fitowa. Sama kamar an share ta. Kurege ya kira 'yan'uwansa, suka bi layi rami-rami. Abin da suka bari, zabi suka tsince.

Mutane suka je wurin Maigari. Maigari ya kira Tunau ya tambaye shi ko da idonsa ya ga furen. Tunau ya ce, ranka ya daɗe, ga shi ma a hulata. Bai faɗi inda ya tsinko ba. Ba a tambaye shi ba. Maigari ya ce ko gwani yakan yi tuntuɓe sau ɗaya, a yi haƙuri, akwai dawa.

Bayan kwana bakwai hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta tsawa, iska ta kwashe shi. Ɗigo kaɗan ya zuba. Da safe ta biyu ta buɗe. Tunau ya daɗe a tsugune yana kallonta. Ya ce a ransa, wataƙila wancan karon ita ta riga ruwa, yanzu ga hadari ya shaida. Ya tsinke. Muryarsa ba ta fita sosai ba, amma an ji.

Aka sauke gorar dawa. Wannan karon ba wanda ya yi waƙa a gona. Aka shuka, aka koma gida, aka zauna ana kallon gabas.

Kurege ya yi ƙiba har ramin ya matse shi.

Saura wake. Gora ɗaya a kowane rufi. Yara sun daina wasa a dandali, iyaye mata suna ɗaure ciki da zane.

Tunau ya daina fita gaishe-gaishe, don ba ya son idon mutane. Ran nan da safe yana zaune a ƙofar ɗaki, sai ya ga Kyauta ta ɗebi moɗa ta durƙusa a gindin randa. Ta ukun ta buɗe rabi. Ta zuba mata ruwa a hankali.

Ya ce, "Kyauta, me kike yi?"

Ta ce, "Ruwa nake ba baƙuwa, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ka kawo su. A gidana za su kwana da ƙishi?"

Tunau ya ji maganar Kwaɗo kamar yanzu ake faɗa masa. Abin da ya taɓa ƙafarta kaɗai ta sani. Ya dubi matarsa. Leɓenta ya bushe ya tsage, don ruwanta ne take bayarwa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗauki ƙwarya ya kife a kan furen, ya ce kada kowa ya gani. Ya ɗauki sanda ya nufi fadama, don ya tabbatar da idonsa kafin ya je gaban Maigari.

Da ya fara zuwa wurin Maigari, da wake ya tsira. Amma mutum yakan so ya jinkirta kunya ko da da rabin yini ne.

Kurege ya gan shi ya wuce, ya gane asiri ya kusa tonuwa. Ya ruga gari, ya bi ta ƙarƙashin danga lokacin da Kyauta ta tafi rijiya, ya ture ƙwarya, ya ciji furen. Ya kai dandali ya ajiye a kan turmi. Ya ce Baba Tunau gwiwa ta kwantar da shi, shi ya aiko. Ya ce duba biyu na farko gaggawa ce, ta uku ba ta ƙarya. Ya ɗaga murya:

Farar fadama ta buɗe,
a sauke gora, a ɗau sungumi.

Mutane suka dubi juna. Ba wanda ya yarda sosai. Amma kowa ya ji tsoro kada maƙwabcinsa ya shuka ya tsiro, shi ya zauna da wake a gora. Mutum ɗaya ya tashi, sai na biyu, sai gari duka.

Tunau ya isa fadama. Laka kamar dutse. Ko ganye ɗaya babu. Ya leƙa tsagar laka, bai ga Kwaɗo ba. Ya juya, ya jawo ƙafa, ya hau tudu. Rana tana gab da faɗuwa ya hango gari. Ya ga mutane suna dawowa daga gona, sungumi a kafaɗa, goruna suna kaɗawa a hannu ba nauyi.

Ya tsaya a tsakiyarsu ya faɗi komai: gatari, randa, moɗa. Ya ce shi ya haƙo, shi ya yi shiru, matarsa baƙo kawai ta shayar. Wasu suka ruga gona su tono waken, suka tarar da sawun kurege a kowane layi.

Ba wanda ya doke shi. Ba wanda ya zage shi. Kowane maigida ya zo ya ajiye gorunansa uku a ƙofar gidan Tunau, ya juya. Kashegari aka fara ɗaure kaya. Wasu suka yi kudu neman aikin ƙodago, wasu suka sauka tafki suna tonon bado suna ci. Cikin kwana goma garin ya koma su biyu, Tunau da Kyauta.

A kwana na goma sha tara ruwa ya zo. Na gaske. Ya yi yini yana zuba, rairayi ya sha har kamu guda. Gonaki suka yi laushi, suka yi baƙi, ba ƙwaya ɗaya a cikinsu.

Tunau ya tono albasar nan uku ya ƙulle a riga, ya sauka fadama. Ya tarar da ita ta yi fari fat, fure a kan fure, bai taɓa ganin ta yi yawa haka ba. Ya durƙusa ya mayar da ukun cikin ramukansu. Ya wurga gatarin Kurege cikin sarƙaƙiya.

Kwaɗo yana zaune a kan laka, jikinsa jiƙe. Ya ce, "Ga shi ta buɗe. Ka tsinka ka kai musu."

Tunau ya ce, "Wa zan kai wa?"

Tunau ya hau tudu, hularsa ba fure. Ya tarar da Kyauta zaune a ƙofar gida, gorunan gari duka a gabanta, kowace ta cika da ruwan sama har baki.

Tun daga ranar Kwaɗo ya sa wa albasarsa ɗaci da dafi don kada a ƙara kai ta gida, ya kuma karɓi aikin shela da kansa. Shi ya sa in damina ta zauna za ku ji kwaɗi suna kuka a fadama ba sa gajiya. Gatarin Kurege kuwa ya tsiro a sarƙaƙiya, yana hawa itace, da jan fure kamar harshen wuta. In kun tona za ku ga saiwarsa a lanƙwashe kamar gatari. Kada ku kai baki, tana kisa. Kurege har yau yana bin layin shuka. Abin daji, a inda aka ajiye shi yake faɗin gaskiya.

Ƙurunƙus. Kan kurege ne bana, ɓera ya riga ya yi ƙaura.